Digirin Rumbu

Shekarar da Muntasir ɗan Malam Umara ya tafi karatu ƙasar Holan, duk Toranke babu wanda bai san abin da ya je karantawa ba. Masu shayin bakin hanya sun ce likitanci ne. 'Yan majalisar gindin durumi sun ce tuƙin jirgi. Inna Fanta, wadda ta haife shi, ta ce ita dai tunda ƙasar atamfa ce, ko me zai karanta ya taho mata da turmi biyu. Shi kuwa in aka matsa masa a waya sai ya yi ɗan tari ya ce, "Akcuwali, fannin injiniyancin tsaron abinci ne." Sai a ce Allah ya ba da sa'a. Ba mai sake tambaya, kada a ce bai gane ba.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, ƙanwarsa Batula. Rumbu yake karantawa.

Rumbu dai da kuka sani, na ƙasa, mai hular ciyawa, wanda kaji ke shan inuwa a ƙarƙashinsa. An ɗauki yaro a jirgi, an ƙetare hamada da teku da shi, an zaunar da shi a ƙasar da ko zangarniya ɗaya ba ta taɓa fitowa ba, don ya gano yadda ubansa ke ajiye gero a bayan gida. Da yake rumbun bai bi shi Holan ba, sai aikin ya faɗo kan Batula.

Ita Batula a sakandaren Ajingi karatunta ya tsaya. Sauran abin da ta sani a rediyo ta tsinta, da tsofaffin littattafan da yayan ya bari a kwali, da wata waya mai tsagaggen gilashi. Ba ta da yawan magana, kuma in ta yi, mutum sai ya kai gida kafin ya gane zaginsa aka yi.

Bayan kaka Muntasir ya aiko da wasu 'yan na'urori guda uku, kowace kamar kwalin ashana, da doguwar waya a jikinta. Ya yi mata bayani a saƙon murya mai tsawon minti goma sha ɗaya. Rumbunan Baba uku ne. Na farko a jera damman gero ana shimfiɗa ganyen darbejiya a tsakani. Na biyu a barbaɗa toka. Na uku kada a sa komai, wannan shi ake kira kwantirol. Batula ta ce a nan garin sunansa lalaci. A sa na'ura a cikin kowanne, a liƙe bakin da laka, kada a buɗe sai bayan wata takwas. Ranar buɗewa za a ga wanda ƙwari suka fi ci, a san tsakanin darbejiya da toka wa ya fi. Kan wannan tambayar digirin gaba ɗaya ya rataya.

Aka ce wa Baba maganin ɓera ne na zamani, kuma ba ya ci sai an bar rumbu a rufe. Malam Umara mutum ne da bai iya musu ba. Ya ce to, gidan ya koma cin dawa.

Kullum bayan asuba da bayan la'asar Batula za ta zagaya bayan gida, ta karanta lambobin zafi da na danshi, ta rubuta, ta taka har bayan firamare inda sabis ke kamawa, ta tura Holan. Ranar Sallah ma ta yi. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, da rarrafe ta je.

Ladan da ta nema ɗaya ne. Ba ta ce waya ba, ba ta ce atamfa ba. Ta ce in an zo rubuta aikin nan a sa sunanta, Batula Umara Toranke, cikakke, ba a gutsure ba.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," in ji Muntasir. "Amma ki rantse ba za ki faɗa wa kowa abin da nake karantawa ba. Mutanenmu ba za su fahimta ba."

Ta rantse.

A wata na shida ya turo mata littafin da yake rubutawa, wai ta duba masa kalmomin Hausa, don ya soma mance inda ake sa wa haruffa ƙugiya. Kwana uku tana karantawa da ƙamus a cinya. A shafin godiya ya gode wa Farfesarsa. Ya gode wa ma'aikatan laburare. Ya gode wa wata tsohuwa da ta ba shi hayar ɗaki, da wani abokinsa da ya koya masa hawan keke a kan ƙanƙara. Can ƙasa ya gode wa "matan karkara marasa suna, waɗanda hikimarsu ta haskaka wannan bincike."

Ta taka bayan firamare ta kira shi.

"Yaya, su waye matan karkara?"

"Ku ne mana."

"Mu nawa?"

"Salon rubutu ne, Batula, ba za ki gane ba. A nan ba a sa sunan mutum haka kawai. Bari a buɗe rumbu tukuna, a ga sakamako, sai a zauna a duba."

Daga ranar ta san inda sunanta yake. Yana cikin rumbu, an liƙe shi da laka tare da geron. In rumbunan suka kai ranarsu lafiya, tana da bakin magana. In ba su kai ba, ta zama matan karkara har abada.

Saura mako uku a buɗe sai labari ya zo cewa Farfesar da kanta za ta biyo Muntasir, a buɗe a gabanta. Muntasir ya ga wannan labari ya fi ƙarfin Baba, sai ya kira Kawu Datti, ƙanin Inna da ke zaune a Gaya. Kawu Datti ya yi shekara talatin yana masinja a wani ofis, ya ga an tarbi manya iri-iri, har yau in ya gabatar da kansa cewa yake ya yi aiki a ɓangaren furotokol. Da yake Muntasir ba zai iya furta kalmar rumbu ba, sai ya ce masa Farfesa za ta zo ta duba yadda ake ajiye abinci a gidan.

Kawu ya ji kalmar duba. Shi kuwa a duniya duba ɗaya ya sani, ta duba-gari, mutanen nan masu gajeren wando da suke leƙa randa su ci mutum tara.

Washegari da hantsi sai ga shi a kan babur, da baƙin tabarau. Aka shimfiɗa tabarma a bayan gida, Batula ta kawo ruwa ta durƙusa.

"Malam," in ji Kawu, yana nuna rumbunan da tsinken sakace. "Baturiya guda, farfesa, ta taso tun daga Holan duba wurin ajiyar abinci, ka nuna mata wannan? Ga kashin kaji, ga gidan zanzaro. Ai sai ta koma ta ce yaron daga kogo ya fito, a karɓe takardarsa."

Malam Umara ya sosa gemu. "Shi dai na Turan ya ce kar a taɓa."

"Kawu," in ji Batula, "Yaya ya ce ko hular kada a ɗaga."

"Allahu akbar, yaro mai kunya!" Kawu ya cire tabarau don a ga idonsa ya kawo ruwa. "Ke yarinya ce. Wane ɗa ne zai buɗe baki ya ce wa ubansa gina mini sito? In ɗan halak ya ce kada ku wahalar da kanku, ai ya gama faɗa muku aikin. Baƙo ma in ya ce ya ƙoshi, ɗauke kwanon ake yi?"

"Ba a ɗaukewa," in ji Malam Umara.

"To."

Kafin la'asar an auna fili, an buga turaku. Batula ta tafi bayan firamare da sauri har tana tuntuɓe.

"Yaya, za su rushe rumbu. Ka kira Baba ka faɗa masa abin da kake karantawa."

"Haba, ba sai an kai can ba. Bari in yi magana da Kawu, ni na san yadda ake bi da su."

Ya kira, Kawu ya buɗe muryar waya kowa ya ji. Muntasir ya yi gaisuwa ta minti biyu, sannan ya ce, "Kawu, don Allah kada a yi wata ɗawainiya. A bar komai yadda yake. Farfesa mai sauƙin kai ce, yadda muke ɗin nan take son gani."

Kawu ya kashe wa Malam Umara ido ɗaya. "Shi ke nan, ɗana, kar ka damu. Allah ya yi maka albarka." Ya kashe waya. "Kun ji ko? Yadda muke ɗin nan. Har muryarsa na rawa. A ƙara bulo hamsin."

Da Batula ta tura wa yayanta hoton bulo, Muntasir ya amsa da cewa watakila banɗaki za su gyara, kuma yana da jarrabawa, ta daina ɗaga masa hankali.

Batula ta zauna ta yi tunani. Malamin Islamiyya ya ce wanda ya karya rantsuwa, in ba shi da abin ciyarwa, azumi uku ne a kansa. Ta auna kwana uku da wata takwas, ta ga ba su yi kusa ba. Ta samu Baba da Inna da Kawu a tsakar gida suna shawarar launin fenti, ta durƙusa.

"Baba, akwai magana. Yaya ba injiniya yake karantawa ba. Rumbu yake karantawa. Waɗannan ukun na bayan gida su ne karatun. Su Farfesa za ta zo gani."

Kawu ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Rumbu! A Holan! Da wane geron?"

"Da namu."

"Ke, hassada ba kyau," in ji Inna. "Ɗan'uwanki ne, ciki ɗaya. In Allah ya ɗaga shi ke ma ya ɗaga ki."

Malam Umara bai yi dariya ba, ya dube ta da tausayi. "Batula, da rumbu zai karanta ai da ni zan koya masa. Ba sai ya hau jirgi ba."

"Ni ma haka na gani, Baba."

"To kin ga."

Ta yi azuminta uku duk da haka, tunda rantsuwar ta karye ko an yarda ko ba a yarda ba.

Aka kira gayya. Kwana tara sito ya tashi, bulo da kwano, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo kamar kan jariri. Aka shafa masa kore. Ranar Alhamis, saura kwana biyu baƙuwa ta iso, maza suka hau rumbunan suka ɗaga huluna, suka fasa lakar da Batula ta liƙa da hannunta. Kawu ya ce ba za a nuna wa Baturiya dami ba kamar zamanin jahiliyya, a sussuke a zuba a buhu. Matan unguwa suka taru da turame. Aka miƙa wa Batula taɓarya.

Ta karɓa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ce wa matan a gama na rumbu ɗaya kafin a taɓa na gaba, don kada a yi ta tuntuɓe da damma, suka ga magana ce mai hankali. Duk rumbun da aka sussuke aka sheƙe, kafin a haɗa shi da sauran, sai ta ɗebi kwano ɗaya cif ta ƙulle a tsohon ɗankwali. Ƙulli uku, ɗankwali uku, shuɗi da ja da mai ruwan ƙasa. Ta kai ɗaki ta tura ƙarƙashin gado. Sauran geron aka gauraye shi wuri guda, aka zuba masa maganin ƙwari na kanti, aka ɗinke buhuna.

Da yamma aka rushe rumbunan, aka cike ramin kan hanya da ƙasarsu don kada motar baƙuwa ta yi tsalle. Na'urorin nan uku kuwa Kawu ya sa aka kafe su a saman ƙofar sito, a jere, don duk mai wucewa ya san gidan 'yan boko ne.

Ranar Asabar da hantsi mota ta iso ta hanyar Gaya. Bazara ce, irin wadda ƙadangare ma ke neman inuwa. Muntasir ya fito da kwat, da wani mayafin ulu naɗe a wuya, da gorar ruwa a hannu. Ya durƙusa wa Baba rabi, don wandon bai yarda da sauran rabin ba. Ya dubi sama ya ce, "Kai, dama haka garin nan yake da zafi?" Wani tsoho a cikin 'yan tarba ya ce a'a, bayan tafiyarsa aka kawo shi.

Farfesa Marika ta fito ta ɗaya ƙofar. Doguwar tsohuwa ce, ta sha rigar atamfa da silifa, fuskar ta yi ja kamar tumatirin Kadawa. Ta iya Hausa jimla huɗu, ta kuma ƙudura sai ta kashe su duka. Ta ce wa mai unguwa sannu da aiki. Ta ce wa wani da ke kwance a kan benci sannu da aiki. Aka nuna mata kujerar roba da lemon kwalba, ta ƙi zama. Wata takwas tana kallon hotunan rumbunan nan, ta nuna su a taron masana a ƙasa uku, ta san hanyar bayan gidan kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ta ratsa tsakar gida da kyamara a wuya, jama'a na bin ta, Muntasir na gaba yana bayani da hannu biyu.

Suka sha kwana. Fili a share tas, an yayyafa ruwa. Da'ira uku a ƙasa inda rumbuna suka taɓa zama. Gefe guda kore shar, sito ne, an ɗaura masa ƙyalle a ƙofa, Kawu Datti na tsaye da almakashi a kan faranti.

Hannun Muntasir ya tsaya a sama inda bayanin ya bar shi.

Kawu ya gyara murya ya yi jawabi. Ya yi maraba da babbar baƙuwa a madadin iyalan Malam Umara da al'ummar Toranke baki ɗaya. Ya ce kamar yadda take gani, nan ba a san ƙazanta ba, an daɗe da barin rumbu, sai a ƙauyukan can ciki. Ya juya ga Muntasir. "Fassara mata, ɗana. Kar ka rage komai."

Muntasir ya soma Turanci. Batula na tsaye a bayan mata, kuma Turancin rediyo ya ishe ta ta bi shi. Cewa ya yi manoman yankin, sakamakon wayar da kan da binciken ya yi musu, sun ɗauki matakin kansu na rungumar ajiyar zamani, wanda shi ma wani sakamako ne mai ban sha'awa.

Farfesa ba ta ko dube shi ba. Ta tambaya da Turanci, "Ina geron?"

Aka yanka ƙyalle, aka yi tafi, aka buɗe ƙofa. Buhuna a jere har rufi, warin magani ya daki kowa.

"Wanne ne na wane rumbu?"

Muntasir ya tambayi Kawu. Kawu ya ce a gaya mata ba a nuna bambanci ba, duk an haɗa, gero ai gero ne.

Farfesa ta yi magana a hankali, irin ta likita a bakin gadon mara lafiya. Ta ce lambobin wata takwas ba su da amfani in babu geron da za a gwada su da shi. Ba gero, ba sakamako. Ba sakamako, ba abin da za a kai gaban masu jarrabawa. Ta nemi wuri, ta zauna a kan wani turmi da aka kife, ta dafe kai.

"Kun gani?" in ji Kawu. "Daɗi ya kashe mata ƙafafu."

Batula ta shiga ɗaki. Ta jawo ƙullin nan uku, ta jera su a kan babban farantin baƙi, ta fito ta ratsa maza, ta durƙusa gaban Farfesa kamar mai kawo fura. Ta yi Turancinta, kalma ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta ce wannan geron rumbunan ne, kwano ɗaya daga kowanne, an ɗiba ranar Alhamis kafin a gauraya, magani bai taɓa shi ba.

Farfesa ta ɗago kai. Muntasir ya riga ta kai hannu.

"Yes, yes, dama na ba da umarni a yi haka." Ya kwance ƙullin da sauri. Ɗaya ya zama rabin gari, ƙwari na yawo a ciki, wannan ko makaho ya san na lalaci ne. Sauran biyun kuwa an sheƙe su fes, ba ganye, ba toka. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya kyau. Ya shinshina wannan, ya shinshina wancan. Shekara biyu yana rubutu a kan gero, amma rabon da ya riƙe shi a tafin hannu tun yana aji uku. Ya sunkuyo, yana murmushi saboda baƙuwa, ya yi ƙasa da murya da Hausa.

"Wanne ne na darbejiya?"

"Na manta."

"Ke Batula."

"Wallahi da safe ina sane, Yaya. Yanzu ya shige."

"Wannan lokacin wasa ne? Kin san abin da ke kan wannan geron?"

"Na sani. Mantuwa ce irin ta matan karkara. Mutumin da ba shi da suna ina zai samu tunani?"

"Za mu yi maganar in mun shiga gida."

"Mu yi ta a nan, akwai iska."

Duk su biyun murmushi suke, har Inna ta ce wa maƙwabciyarta dubi yadda suka yi kewar juna. Farfesa ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta tambayi Muntasir me yarinyar ke cewa. Ya buɗe baki zai fassara, Batula ta riga shi. Ta ce tana cewa ne an yi mata alkawarin za a sa sunanta a aikin, kuma ta duba ba ta gani ba.

"Wa ya liƙe rumbunan?" in ji Farfesa.

"Ni."

"Wa yake karanta lambobin?"

"Ni. Safe da yamma."

"Muntasir ya ce mini yana da tawagar bincike a nan."

"Ni ce tawagar."

Farfesa ta sauke gilashinta zuwa karan hanci ta dubi ɗalibinta ta samansa. Ta daɗe tana dubansa. Gumi ya gangaro daga cikin mayafin ulu ya shige kwat. Sannan ta zaro ɗan littafi da biro daga jaka. Ta ce littafin digiri nasa ne, amma za a gyara shafin godiya. Sakamakon kuwa a mujallar masana za a buga shi, kuma a can duk wanda ya yi aiki sunansa a sama yake zama, tare da na sauran. Ta ce Batula ta faɗi sunan.

Batula ta faɗa, harafi bayan harafi. Ta leƙa ta ga an rubuta Toranke daidai. Nan take Allah ya dawo mata da tunaninta. Shuɗin ɗankwali na darbejiya ne, shi ne wanda ya fi kyau. Ja na toka.

"Me ake rubutawa?" in ji Malam Umara.

"Tara za a ci mu?" in ji Kawu, ya matso. "In fentin ne bai yi mata ba, a gaya mata akwai shuɗi."

Sauran yinin ya tafi lafiya. An dafa shinkafa da kaji, an sayo cokula sababbi daga Gaya, Farfesa ta ce ita tuwo take so, da hannu, a ƙasa. Ta tsaya kan da'irar rumbun tsakiya ta yi ƙwalla, ta roƙi Malam Umara ya sake gina su irin na kakanni. Muntasir ya fassara masa cewa ta yaba ƙwarai. Kafin su tafi ta ce za ta ɗauki Batula hoto, amma sai Batula ta ɓoye wayarta, ta cire agogo, ta riƙe ƙwarya. Batula ta riƙe ƙwarya. An riga an rubuta sunan.

Da damina ta sauka rufin siton ya soma gumi, buhunan ƙasa suka yi funfuna, ɓeraye suka gano cewa ƙofar ƙarfe ba ta kai ƙasa ba. Da kaka ta zo aka ga Malam Umara yana kwaɓa laka a bayan gida.

Bayan babbar Sallah takardar da aka buga a mujallar ta iso, shafi goma sha biyu, Muntasir ya aiko da ita ta hannun wani mai zuwa Kano. A sama, ƙarƙashin wani dogon take da ba mai iya karantawa da numfashi ɗaya, suna uku ne a jere. Nasa, na Farfesa, da Batula Umara Toranke a tsakiya. Takardar ta zaga majalisar gindin durumi, ta je wurin masu shayi, ta dawo da tabon mai. Kowa tambayarsa ɗaya, me ya kai sunan Batula cikin aikin injiniya?

Kawu Datti ya kira Holan a gaban jama'a, ya buɗe murya. Muntasir ya yi ɗan tari.

"Akcuwali, Kawu, al'adarsu ce a nan. In mutum ya yi babban aiki, yakan sa sunan ƙanwarsa, don albarka."

Aka yi ta jinjina kai. Da labarin ya shigo cikin gida, Inna Fanta na tankaɗe, ta dakata da rariya a hannu.

"Ikon Allah. Ashe Turawa ma suna da zumunci."

"Suna da shi, Inna," in ji Batula. "Sai dai sai an tuna musu."